Giya da Samarin Adar: Abin Bari da Abin Yi

Daga Madawa zuwa Buza har Keita, babu saurayin da bai san giya haramun ba ce. Ya sha jin aya ta 90 ta Suratul Ma'ida a wa'azi. Abin da ke jan yaro shi ne zaton kwalba alamar wayewa ce. To, a saurara.

Abin bari

1. Kada ka ɗauka wanda ya dawo daga Abijan ko Legas yana warin barasa ya fi ka buɗewar ido. Tambaye shi buhun hatsi nawa ya aiko gida.

2. Kada ka ce 'yar leda ce kawai. Ƙarfin biya wajen kashi 5 ne cikin 100, na leda kuwa yakan kai kashi 40. Arharta ce tarkon.

3. Kada ka haɗa ta da tramol. Su biyun suna danne numfashi, mutum ya kwanta barci ya zarce.

4. Kada ka tuƙa kabu-kabu in ka sha, kada ka hau bayan wanda ya sha. Shayi komai ɗacinsa ba ya warware maye, hanta ce ke aikinta sannu a hankali.

5. Kada ka sha don ka faɗi jarrabawar BEPC ko don budurwa ta juya maka baya. Gari zai waye, damuwar tana nan, aljihu wayam.

Abin yi

1. In aka miƙo maka a fadar hira, ka ce ba ka sha, ka tsaya nan. Fadar da ba ta zaunuwa sai da kwalba, tashi ka bar ta.

2. Kuɗin da ka samo a garkar albasa ta Majiya, ka sayi tunkiya ko ka ba tsohuwarka ajiya tun ranar kasuwa.

3. Aboki ya bugu ya faɗi, ka kwantar da shi a gefe ɗaya don kada amai ya shaƙe shi, ka garzaya da shi likita. Gara a ji kunya da a yi zaman makoki.

4. In ka riga ka fara, ka faɗa wa wanka, kawunka ko malaminka tun ba ta kama ka ba.

5. Ku kuma iyaye, ku san fadar da ɗanku ke hira da wanda ke biyan kuɗin shayi. Ku tsawata, amma kada ku kore shi daga gida, don hannun mai sayar masa zai faɗa.