Nawa Da Naka A Turanci

A cikin abubuwan da muka lura da su sa'ad da muka fita gwajin koyarwa, babu wanda ya fi ba yara wuya kamar kalmomin mallaka na Turanci. Saboda haka muka ga ya kamata mu rubuta ɗan abin da muka fahimta, ko ya amfani 'yan'uwanmu. In mun yi kuskure, malamanmu su gyara mana.

Kalmomin nan kashi biyu ne. Na farko ba su tsayawa su kaɗai, sai an ambaci sunan abu a bayansu: my, your, his, her, its, our, their. Su ne daidai da guntun da muke liƙawa a ƙarshen suna, kamar littafina, watau my book. Na biyu kuwa suna tsayawa a madadin sunan: mine, yours, his, hers, ours, theirs, watau nawa, naka, nasa, nata, namu, nasu. His kaɗai ce ba ta sake kama a kashin biyu. A Hausa muna iya cewa "nawa littafin", amma Turanci bai yarda da mine book ba.

To, ga inda babbar wahalar take. Bahaushe yakan dubi abu biyu: abin da aka mallaka, da mai shi. Gida namiji ne, sai mu ce nasa ko nata. Gona mace ce, sai mu ce tasa ko tata. Bature ba ya duban dukiyar ko kaɗan, mai ita kawai yake dubawa. Yaro ya ji "gonar nan tasa ce", kunnensa ya kama "ta", sai ya rubuta hers, alhali kuwa his ne daidai, gama mai gonar namiji ne. Wanda ya karanta nahawun Larabci zai tuna kitabuhu da kitabuha: littafi ɗaya ne, lamirin mai shi ne ke sakewa. Haka abin yake a Turanci.

Sauran abu biyu. Gidanka, gidanki da gidanku duk your house ne, babu bambanci. Sa'an nan abin da ba mutum ba, kamar itace ko kujera, its ake ce masa. Kalmar nan ba ta yaɗu a Ingila ba sai bayan shekarar 1600. Kafin nan his ake faɗi. Ba a sa mata ɗan waƙafin sama, domin it's ma'anarta it is ko it has.

Dabarar da ta yi mana amfani ita ce mu ɗaga alƙalamin wani yaro mu tambaya, "Na wane ne?" Sai yara su faɗi mai shi tukuna, namiji ko mace, ɗaya ko da yawa, kana su zaɓi kalma.

Kada mu raina wannan. Yaran nan wata rana su ne za su fassara takardun gado da na ciniki. Wanda ya rubuta his farm a wurin her farm ya ƙwace gonar marainiya ya ba wani, da alƙalami kawai. Alhakin kuwa har da mu da muka koya masa. Allah ya sa mu riƙe amana, amin.