Bargon Ƙyallaye

Ka san yadda kuka ta kan zubar da ganyenta in rani ya gabato. To, a arewacin Amurka itatuwa da yawa sai sun sake launi tukuna. Cikin watan Oktoba yini ya kan gajarce, sai itace ya daina yin koren da ganye ke haɗa abinci da shi. Da koren ya gushe, sai rawaya da ke ɓoye ta bayyana. Ja kuwa daga sukarin da ya saura cikin ganye ya ke samuwa.

Wannan alama ce sanyi mai tsanani ya kusa. Tun zamanin da, matan can su kan yanyanka tsofaffin tufafi, su harhaɗa ƙyallayen. Su shimfiɗa auduga a tsakiya, da wani zane a ƙasa, sa'an nan su ɗinke ukun tare, don kada audugar ta dunƙule. Iskar da ke cikin audugar ita ke riƙe ɗumin jiki.

A 2002 aka baje irin waɗannan barguna na matan ƙauyen Gee's Bend a birnin Houston, jama'a suka yi ta mamaki.

To, kai fa, kafin hunturun bana, ina za ka kai tsohuwar rigarka?