Kafin ka ɗauki guduma a kan tsohon kwaɗo

Aikina yankan makulli ne da gyaran kwaɗo. Bayan kaka, idan mutanen Gafasa da ƙauyukan Ajingi da Gaya suka fara buɗe sito da adakar gado, nakan ga kwaɗuna masu kyau da aka farfasa don kawai makulli ya ƙi juyawa. Mafi yawansu lafiyarsu ƙalau.

Kwaɗo iri biyu ne a hannun mutanenmu. Mai siririyar kafa da makulli shafaffe, irin na Yale da na Sin da suka cika kasuwa yanzu, ƴan ƙusoshi ne a cikinsa. Tsohon kuwa, wanda kafarsa ke da zagaye a sama da tsaga a ƙasa, fallayen ƙarfe ne a jere a cikinsa, mu muna ce musu liba. Robert Barron ya inganta wannan tsari a Ingila a 1778, garin Willenhall ya yi suna da ƙera shi, haka ma Aligarh ta Indiya. Lambar 4 ko 6 ko 7 da kake gani a fuskarsa galibi yawan libobin ce. Dole kowace ta ɗagu daidai gwargwadonta kafin sakata ta motsa. Ta gaza ko ta zarce, ba zai buɗu ba.

Idan an zube maka tarin makullai, leƙa kafar tsohon kwaɗon tukuna. Za ka ga wata ƙaramar sanda a tsakiya, don haka makullinsa mai rami ne kamar bututu. Ware waɗanda raminsu ya hau sandar ba tare da lilo ba, sannan ka ƙirga matakan haƙori: yawanci adadin liba ne da ƙarin ɗaya mai tura sakata. Sau da yawa makullin daidai ne, ƙurar hunturu da zaren aljihu ne suka toshe raminsa har ya kasa kaiwa ƙarshe. Allura kawai ke magance wannan.

Don Allah a daina ɗura man gyaɗa, daskarewa yake yi da ƙura ya riƙe libobin. A wanke da kalanzir, a barbaɗa garin bakin fensir. In makullin ya cije, kada a murɗa da filaya.

Wanda makullinsa ya ɓata gaba ɗaya ya kawo kwaɗon, ana iya yanka sabo da magagari. Amma in a jikin ƙofa yake, ba na taɓawa sai mai gidan ko mai unguwa na tsaye.