Rai Yana Cikin Jini

Sau da yawa akan tambaye mu ko dokar da ta hana cin jini tana kanmu har yanzu, musamman sa'ad da likita ya ce mara lafiya yana bukatar ƙarin jini.

Bayan ruwan Tufana, Allah ya yardar wa Nuhu ya ci nama, amma ya hana shi cin jini (Farawa 9:4). Littafin Firistoci 17:11 ya bayyana dalili: jini ne mazaunin rai, rai kuwa na Mahalicci ne. Saboda haka jinin hadaya a bagade ake zuba shi domin kafara, maharbi kuma yakan rufe jinin dabbar da ya kama da ƙasa.

A taron Urushalima (Ayyukan Manzanni 15), manzanni sun umarci al'ummai masu tuba su guji jini, domin su iya cin abinci tare da Yahudawa masu bi. A shekarar 1442, Majalisar Ekklisiya da ta zauna a birnin Fulorans ta koyar cewa umarnin nan na wancan zamani ne.

Yesu kansa ya cika ma'anar dokar sa'ad da ya miƙa ƙoƙon jininsa, wato ransa, wanda muke karɓa a kowace Misa.

Don haka, kada mu bar ɗan'uwa ya mutu a asibiti saboda rashin fahimtar Nassi. Ekklisiya ba ta hana ƙarin jini ba. Bayar da shi aikin ƙauna ne. Abin da Allah ya haramta har abada shi ne zubar da jinin mara laifi. Bari mu girmama rai, gama nasa ne.