Hukuncin Da Ya Saɓa Wa Doka: Darasi Kan Ɗaukaka Ƙara

'Yan'uwa, yawancinmu a Anka, Gummi da Bukkuyum mun ɗauka cewa da zarar alƙali ya yanke hukunci, magana ta ƙare. Ba haka doka take ba. Shi ma alƙali yana da iyaka.

Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, sashe na 36, ya kafa katanga biyu. Ƙaramin sashe na 12 ya hana a hukunta mutum kan laifin da ba a rubuta shi da hukuncinsa cikin doka ba. Na 8 kuwa ya hana doka ta koma baya ta kama abin da aka aikata kafin a kafa ta, ya kuma hana a ɗora wa mai laifi horon da ya fi wanda yake aiki a ranar da ya yi laifin. Saboda haka ko wanda ya amsa laifi da bakinsa yana da ikon ƙalubalantar horon kansa, in ya wuce abin da doka ta tanada.

Mu dubi shari'ar Safiya Hussaini. A watan Oktoba 2001 Babbar Kotun Shari'a ta Gwadabawa ta yanke mata hukuncin jifa. Lauyoyinta suka ɗaukaka ƙara. Ranar 25 ga Maris 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Sakkwato ta soke hukuncin, cikin dalilanta har da cewa abin da ake zarginta da shi ya faru kafin dokar jihar ta fara aiki. Alƙalan shari'ar Musulunci ne suka gyara kuskuren kotun ƙasa da su, abin da masu sharhi daga nesa sukan manta.

A nan Zamfara labarin ya sha bamban. A 2000 kotun Tsafe ta yanke wa Bariya Ibrahim Magazu, yarinya matashiya, bulala 180, daga baya aka rage zuwa 100. Lauyoyi suna shirin ɗaukaka ƙara sai aka zartar da hukuncin ranar 19 ga Janairu 2001. A ganinmu wannan gaggawa ta tauye mata haƙƙi, domin babu kotun da za ta iya janye bulalar da ta riga ta sauka.

Lokaci ke nan shi ne jigon al'amarin. Daga yawancin ƙananan kotuna wa'adin ɗaukaka ƙara kwana 30 ne. Daga Babbar Kotun Jiha zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, kwana 90 a shari'ar laifi. Wanda ya makara yana iya roƙon ƙarin lokaci, amma dole ya kawo hujja mai ƙarfi. Idan an ɗaure ɗan'uwanmu, mu nemi kwafin hukuncin a rubuce tun ranar farko, mu roƙi a dakatar da zartarwa, mu kuma kai takardun ga lauya ko hukumar tarayya mai ba marasa hali lauya kyauta, wadda aka kafa a 1976.