Cefanen borsh da gulyash a Ingila: me za a saya, me za a bari?

Wata likita ta rubuto mini daga arewacin Ingila. A Kharkiv ta fara karatu, yaƙin Fabrairun 2022 ya koro ta zuwa Hangari, a can ta ƙarasa. Ta ce kwaɗayin borsh da grechka da gulyash ya hana ta sakat, ga kuma zakuska da wata ƙawarta 'yar Romaniya ta saba mata da shi. Ta leƙa kantin 'yan Foland, ta ga tsiran alade a jere, ga rubutun da ba ta iya karantawa, sai ta fito hannu rabbana. Tana tambaya: ina ake samun kayan nan, kuma yaya Musulma za ta saya hankali kwance?

Likita, ki raba cefanenki gida biyu. Ɗanɗanon girkin ƙasashen nan yana cikin kwalba da leda ne, wato tsami da garin tattasai da hatsi da kayan nono. Waɗannan ki saya a wurin masu abin. Nama kuwa ki bar wa mahaucinki na halal.

Samun kantin ba wuya. Tun da Foland ta shiga Tarayyar Turai a 2004, Birtaniya kuma ta buɗe wa mutanenta ƙofar aiki nan take, da wuya ki sami gari mai girma da babu allo mai rubutun Polski Sklep. 'Yan Romaniya sun ƙaru sosai bayan Janairun 2014 da aka ɗage musu shingen aiki, har unguwar Burnt Oak ta arewacin Landan ta zama kamar tasu. In za ki nema a taswirar waya, ki rubuta da harshensu: polski sklep, magazin românesc, magyar bolt. Kantin 'yan Hangari ba shi da yawa, amma na 'yan Romaniya kan ajiye kayansu, domin akwai 'yan ƙabilar Hangari kimanin miliyan ɗaya a Romaniya, galibi a yankin Transilbaniya. Masu karatu da ke Jamus su nemi Mix Markt. Na Italiya ba su da matsala, 'yan Romaniya a can sun haura miliyan ɗaya. A New York akwai Brighton Beach da Greenpoint. Lidl ma kan fito da kayan yankin jefi-jefi da sunan Kuljanka, sai dai ba abin dogaro ba ne.

Babban aikin shi ne karanta bayan leda. Dokar Turai da ta Birtaniya sun wajabta jera abin da ke cikin abinci, daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, kuma dole a faɗi naman wace dabba ce. Amma ki lura: abin da ake rubutawa da manyan baƙi shi ne abin da ke tayar wa wasu da rashin lafiya, kamar gyaɗa da madara da ƙwai. Alade ba ya cikinsu, saboda haka yana nan ɓoye a tsakiyar layi. Kin san svinina daga Kharkiv, kin san sertés daga Hangari. Ki ƙara da wieprzowina, ko duk kalmar da ta fara da wieprz, a harshen Foland, da porc a na Romaniya. Man alade kuma smalec ne, ko untură, ko zsír. Kitsensa słonina, slănină, szalonna, salo. Kada hoton kaza ya yaudare ki. Tsiran da aka rubuta wa kaza kan ƙunshi fatar alade ko kitsensa, ko a ɗura shi a hanjin alade. Fasoliya ta gwangwani ma sau da yawa da ƙyafaffen nama aka dafa ta. Alewa mai danƙo da wasu kayan zaƙi na ɗauke da jelatin, cakulan wasu kuma da giya a cikinsu. Kvas, lemon nan na burodi, yakan zo da 'yar barasa kaɗan, ki duba.

Akwai wata dabara da na fi so. Kiristocin Otodoks suna azumin barin nama da madara da ƙwai, kwana 40 kafin Kirsimeti da kimanin mako 7 kafin Ista. Don haka kamfanonin Romaniya na buga wa kayansu de post, na Rasha kuma postny. Abin da ke da wannan alama babu nama ko madara ko ƙwai a cikinsa. Har sarmale, kabejin nan da ake naɗe shinkafa a ciki, akwai na de post. Duk da haka ki karanta layin, nama alamar ta hana, ba giya ba.

To, me ya cancanci tafiyar? Na farko hatsin nan grechka. Wadda ake sayarwa a kantunan masu kula da lafiya a Ingila ɗanya ce, koriya-koriya, tana dahuwa ta caɓe. Taki gasasshiya ce mai launin ƙasa, a kantin 'yan Foland sunanta kasza gryczana prażona. Kofi ɗaya, ruwa kofi biyu, gishiri, ki rufe tukunya ki bar ta a ƙaramar wuta, kada ki juya. Na biyu cukun nan fari mai ɓarɓashi: tvorog ɗin Kharkiv da túró na Hangari da twaróg na Foland kusan abu ɗaya ne, na Foland ɗin ya wadatar. Haka kirim mai tsami, smetana, ki ɗauki śmietana mai lamba 18, ita ce adadin mai a ciki.

Paprika ce ba na yarda a yi mata ha'inci. Wadda ke ƙaramar kwalba a manyan kantuna launi kawai take bayarwa, ta Sifaniya mai hayaƙi kuwa wani girki za ta yi miki dabam. Ki nemi ta Szeged ko Kalocsa, garuruwa biyun da suka yi suna da ita, mai rubutun édesnemes in mai zaƙi kike so. Ki sayi ƙaramar leda, domin da an buɗe ta fara dusashewa; in jan ya koma ruwan ƙasa, ta gama aiki. Wajen girki, ki soya albasa da mai har ta yi laushi, ki sauke tukunyar daga wuta, sannan ki zuba paprika ki juya, ki bi da nama da ruwa. Tana da sukari, in ta ƙone ɗaci take yi, kuma babu gyara. Gulyash na asali da naman sa ake yi, man alade ne kawai matsalarsa, kitsen sa ko man girki ya maye gurbi. Mai son yaji ta ɗauki kwalbar Erős Pista, niƙaƙƙen barkono ne da gishiri.

A ɓangaren Romaniya, zakuska gasasshen yalo ne da tattasai da albasa da tumatir da mai, ba ruwanta da nama. Mălai garin masara ne mai tsaki-tsaki, da shi ake tuƙa mămăligă, wadda duk mai tuƙa tuwon masara za ta iya a karon farko. Sai borș na kwalba, ruwan tsamin dusar alkama da ake zuba wa miyarsu ta ciorbă. Kada ki ɗauka shi ne borsh ɗinki na bitirut, suna ne ya zo ɗaya. Kabeji mai tsami, guda sukutum a leda, shi ake ɓare wa ganye don sarmale.

Abin da ya rage, kantin Turkawa ko na 'yan Bosniya zai cike. Daular Usmaniyya ta daɗe a yankin, girkinsu ya cakuɗe. Farin cukun Turkawa na cikin ruwan gishiri ya tsaya a madadin cukun telemea na Romaniya, tsiran sucuk na naman sa ya ba miya ƙamshin da tsiran kolbász na Hangari ke bayarwa, ga ganyen inabi, ga ajvar. Mici kuwa, ɗan naman nan da ake gasawa, ki sa mahauci ya niƙa miki naman sa da na rago mai kitse, ki kwaɓa da tafarnuwa da romo da ɗan bekin soda, ya kwana a firji.

Sai batun tsaraba. A Afrilun 2025 Birtaniya ta hana matafiya shigo da nama da kayan nono daga ƙasashen Tarayyar Turai, bayan ɓullar cutar baki da kofato ta shanu a Jamus da Hangari da Sulobakiya. Irin wannan doka tana sauyawa, ki duba shafin gwamnati kafin wani ya taso. In ƙawarki za ta zo daga Budapest ko Bukarest, kada ki ɗora mata cuku a ƙwace a kwastan. Ki ce ta kawo paprika, da busasshen ganyen leuștean na miyar ciorbă, wanda shi ne ya fi wuyar samu a Ingila.