Kafin Ka Sayi Tirelar Dakon Kwantena, Zauna Ka Yi Wannan Lissafi

Wani direba da ya daɗe yana jan motar ubangidansa tsakanin Legas da Kano ya aiko da tambaya. Ya tara 'yan kuɗi, yana kuma shirin sayar da gonar gado ya cika, ya sayi kan tirela na hannu ya riƙa ɗauko kwantena da kansa. Yana so ya ji ko akwai riba.

Malam, akwai, amma ba ta kai wadda kake hangowa daga kujerar direba ba. Kuɗin dakon da kake gani ana tura wa maigidanka ciniki ne, masu jiran rabonsu a ciki kuwa suna da yawa. Na farko gas. Daga Apapa zuwa Kano kusan kilomita 1,000 ne, tirela mai lodi kuma tana shan abin da ya kai lita 35 zuwa 45 a kowane kilomita 100, tsohon inji ma ya zarce haka. Ka ninka da zuwa da dawowa, ka buga da farashin lita na yau. Daga nan sai dillalin da ya haɗa ka da lodi, da kuɗin shiga tasha, da na ƙungiya, da abin da ake miƙawa a shingayen hanya wanda ba a ba da rasit a kansa, da abincinka da na yaron mota.

Waɗannan duk ka san su. Inda sabon mai mota ke faɗawa rami shi ne kuɗin da ba ya fita yau. Motar da ke tafiya a kan taya 18 ko 22, kowace tafiya tana cinye wani abu daga cikinsu. Haka burki, haka kuloci, haka inji. Mutum zai yi sawu uku lafiya, ya ga kuɗi a hannu, ya fara gini. A na huɗu giya ta watse a hawan Jebba, ga kayan mutane a baya, ga aljihu wayam. Don haka duk sawun da ka yi, ka ware kason gyara kafin ka taɓa komai, ka ajiye shi a asusun da ba na cefane ba. Ka kuma yanka wa kanka albashi daidai da wanda za ka biya wani direba. Abin da ya rage bayan wannan, shi ne motar ta samo. Da yawa idan suka yi wannan lissafi sai su tarar albashin direba kawai suke ci, sun kuma ɗora wa kansu fargabar mai mota a kyauta.

Sai maganar lokaci, wadda a ganina ita ce ke raba mai ci gaba da mai karyewa. Kada ka auna sana'ar nan da abin da ake biya a sawu ɗaya, ka auna ta da sawu nawa za ka iya yi a wata. Tun watan Fabrairun 2021 Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta fito da tsarin Eto, inda mota ke yin rajista ta intanet ta jira a kira ta kafin ta doshi Apapa ko Tin Can. Cunkoson ya ragu idan aka tuna shekarun da motoci ke kwana da kwanaki a kan gadojin da ke kaiwa tashar, amma jira bai ƙare ba. Ana jiran ejan ya gama da kwastam, ana jiran mai kaya ya sauke, sannan uwa uba mayar da fanko. Kwantenar ta kamfanin jirgin ruwa ce, akwai 'yan kwanakin da yake bayarwa kyauta, in sun wuce tara ta fara hawa kullum. Wani lokaci ka iso Legas da fankon a ce wurin ajiya ya cika, motarka ta zama sito, ba lodi, ba shiga. Kafin ka ɗauki kaya, a rubuta a takarda wa zai biya kwanakin jira da kuma inda za a ajiye fanko. "Ai mun saba" ba ta sayen gas.

Dawowa da lodi na rage asara sosai. Riɗi da zoɓo daga Dawanau, citta daga Kachia, duk ana fitar da su waje a kwantena, ga tashoshin tudu na Dala da Kaduna. Sai dai ba a zuba kaya a fankon kamfani haka kawai, dole mai fitar da kayan ya zama yana da izinin kamfanin jirgin. Ka nemi irin waɗannan 'yan kasuwa tun kafin ka sayi motar.

A kula da nauyi. Kwantena mai ƙafa 20 ta fi mai ƙafa 40 yaudara, domin ita ake cika wa tayil da ƙarfe, tana iya doshin tan 30. Ka duba takarda kafin ka yi ciniki. Makullai huɗu na kusurwa da ke riƙe kwantenar kuma ka murɗa su da hannunka, kada ka bar wa yaro. A Janairun 2023 kwantena ta faɗo kan motar fasinja a Ojuelegba, mutum 9 suka rasu. Inshorar kaya ma ba almubazzaranci ba ce.

Kada kuma ka rataya rayuwarka a wuyan hanya ɗaya ko mai kaya ɗaya. Masu jigila daga Kwatano zuwa Yamai da Maraɗi sun ga yadda rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na 2023 ya tsayar da motocinsu cak.

Shawarata, idan bayan sayen motar ba za ka rage kuɗin sauya inji da na ciyar da iyali wata uku ba, ko ba ka da mai kayan da zai riƙa ba ka lodi a kai a kai, ka bar gonar nan tukuna. Ka ci gaba da jan motar maigidanka, kana rubuta duk abin da ta ci da wanda ta kawo na wata shida, sannan ka yanke hukunci.